LADUBBAN ZAMA A WAJEN ƊAURIN AURE DA WALIMA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, muna jan hankalinmu baki ɗaya ga wata al'ada da ta yaɗu a nan Matankari da Dogondutsi da Tibiri. Talaka zai yi sammako ya zo ɗaurin aure ya sami wuri, sai wani mai hali ya iso a makare, nan take a tayar da shi domin baƙon ya zauna. Wannan ya saɓa wa Sunna. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya hana a tayar da mutum daga mazauninsa domin wani ya zauna. Abin da Allah Ya umarce mu da shi a Suratul Mujadala, aya ta 11, shi ne mu yalwata wa juna wuri.

Jabir ɗan Samura (RA) ya ba da labari cewa idan sun zo majalisin Annabi, kowa yakan zauna ne inda majalisi ya ƙare. Saboda haka wanda ya makara kada ya tsallaka wuyan mutane.

Wannan bai hana girmama manya ba. Mai gida ya keɓe shimfiɗar liman da waliyyai da shaidu da dattawa tun kafin jama'a su taru. Yaro kuwa idan ya tashi wa dattijo da son ransa, ya yi ladabi.

Wajen rabon goro da abinci a fara da dama. An taɓa kawo wa Annabi (SAW) madara, wani Balaraben ƙauye na damansa, Abubakar (RA) na hagunsa, da ya sha sai ya miƙa wa na daman. Haka kuma a ware wa mata wurinsu daban.

Mu tuna Abu Huraira (RA) ya ruwaito cewa mafi sharrin abinci shi ne na walimar da aka kira mawadata aka bar matalauta. To, ina ga wadda aka kira su aka kuma kunyata su?

Allah Ya sanya albarka a aurarrakinmu, Ya ba mu ikon gyarawa, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.