Asalin Gidan Bo'aza da Binciken Neman Aure

A ƙasar Hausa, idan saurayi ya nemi yarinya, dattawa sukan aika a binciki asalinsa. Wannan ba laifi ba ne. Amma har cikin ikkilisiya akan fasa aure domin an ji kakan yaron bawa ne, ko mahauci, ko baƙo daga ƙetaren iyaka. Shin, daidai ne a auna mutum da kakanninsa?

Littafi Mai Tsarki ya ajiye asalin wani gidan manoma na Baitalami. Yunwa ta kori Elimelek da matarsa Na'omi zuwa Mowab, hayin Tekun Gishiri. Can ya mutu, bayan wajen shekara 10 'ya'yansa biyu suka bi shi. Na'omi ta komo da surukarta Rut, mutuniyar Mowab, wadda ta shiga kalar sha'ir a gonar Bo'aza. Dokar Musa kuwa ta hana mutanen Mowab shiga taron jama'ar Ubangiji har tsara ta 10. Bo'aza ya san asalinta sarai, amma abin da ya duba shi ne yadda ta riƙe Na'omi. Ya aure ta, dattawan gari suna shaida. Ta haifi Obida, Obida ya haifi Yesse, Yesse ya haifi Sarki Dawuda.

Sa'ad da Matiyu ya jera kakannin Almasihu, bai ɓoye sunan Rut ba. Ya ƙara da cewa Rahab ta Yariko, wadda dā karuwa ce, ita ta haifi Bo'aza.

Wani zai ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Akwai gaskiya a ciki, gama yaro yana ɗaukar abin da ya gani a gida. Amma tarbiyya a hali take bayyana, sai a dubi halin. Akwai kuma gādon jini kamar ciwon sikila, wannan asibiti ke gwadawa kafin aure. Bauta kuwa zalunci ne da aka yi wa kakan, ba zunubin da ya aikata ba. Faransa ta haramta cinikin bayi a ƙasashen da ta mallaka a Afirka ta Yamma tun 1905, ba ya kyautu masu bi su ci gaba da ɗaure jikoki da wannan igiya.

Saboda haka dattawa su yi bincike, amma su tambayi bangaskiyar yaron, da sana'arsa, da yadda yake riƙon iyayensa. Da mutanen Baitalami sun kore Rut saboda asalinta, da kakar sarkinsu suka kora.