Fasali a Kan Ƙuncin Zuciyar Tsofaffi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa muridai, Allah shi yi muku rahama, ku sani ƙuncin zuciya iri biyu ne. Akwai ƙabdu, wanda Imamu Ƙushairi ya ambata cikin Risalarsa, hali ne da kan sauka ga mai suluki, sa'an nan basɗu shi biyo bayansa. Akwai kuma cuta, wadda likitoci ke ce wa ciwon damuwa. Ina yi muku gargaɗi, kada ku gama su.

Alamar cutar ita ce tsoho shi yi mako biyu ko fiye zuciyarsa a rufe. Barci ya guje masa tun tsakar dare, abinci ba ɗanɗano, jikoki su zo gaisuwa bai ɗaga kai ba, wuridin da ya riƙe shekara arba'in ya yi masa nauyi. Da yawansu ba su cewa suna baƙin ciki, sai su ce jiki ke ciwo, ko mantuwa ta yi yawa. Mu kuwa mu ce tsufa ne, ko mu ce tawakkalinsa ya raunana. Wannan magana ta biyu zalunci ce a wurina. Abu Zaidin Balhi, wanda ya rasu a 934, ya riga ya rarrabe baƙin ciki mai sanannen sababi da wanda ke tasowa daga jiki ba sababi, ya ce na biyun yana bukatar magani.

A wani bincike da aka yi a ƙasar Yarbawa, aka buga shi a 2007, an sami kamar 7 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama sun yi wannan cuta cikin shekara guda, mafi yawan waɗanda ta taɓa kamawa kuwa ba su sami magani ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne, mutane sun haura miliyan 200. Akwai asibiti a Kware, da Kaduna, da Dawanau, da Maiduguri, amma tsohuwa ta ƙauye wa zai kai ta, da kuɗin wa? Ga kuma kunyar a ce asibitin mahaukata.

To, ya ɗan'uwa, idan mahaifinka ne, kai shi asibiti mafi kusa a duba jininsa, domin ƙarancin jini kan yi kama da wannan. Idan an ba shi magani, ka sani ba ya aiki sai bayan makonni, kada kuma a yanke shi don an ga sauƙi sai likita ya ce. Ka zauna da shi, ka riƙa hannunsa zuwa zikirin Juma'a ko da bai iya buɗe baki ba. In ka ji yana cewa mutuwa ta fi masa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likita a ranar nan.