Kafaɗar da Aka Gina, Wa Za Ta Yi Wa Aiki?

A zangunan arewacin Gana, daga Bolgatanga har Bawku, ba sai saurayi ya biya kuɗin gidan motsa jiki ba kafin ya gina kafaɗa. Gwangwanaye biyu cike da siminti da guntun rodi a tsakani sun isa. Zai zauna kan benci, ya jingina bayansa, ya riƙe nauyi a kowane hannu daidai kunnuwa, ya tura sama, ya sauko da shi a hankali. Hikimar zaman ita ce ƙafa da kwankwaso ba su da damar kawo ɗauki, aikin duk ya faɗa kan tsokar kafaɗa da ta bayan damtse. Mai gaggawar ƙara nauyi kuwa, ƙananan tsokoki huɗu da ke riƙe gaɓar ne za su biya kuɗin sabulu.

Ta fuskar lafiya babu gardama. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagororinta na 2020, ta shawarci kowane baligi ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Addini ma bai ƙi ba, domin hadisin Muslim ya fifita mumini mai ƙarfi a kan mai rauni, tare da cewa akwai alheri ga kowannensu.

Abin da ke damun dattawa shi ne inda ƙarfin yake ƙarewa. Gana ta daɗe da sanin ƙartin da 'yan siyasa ke haya lokacin zaɓe, kuma cikin ƙungiyoyin banga da suka yi suna har da Bolga Bulldogs. Bayan harbe-harben zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Janairun 2019 ne majalisa ta kafa dokar da ta haramta irin waɗannan ƙungiyoyi.

Suratul Ƙasas ta riga ta warware wannan tambaya da hannu guda. Annabi Musa (AS) ya naushi wani mutum a Masar, mutumin ya mutu. Ya yi nadama, ya nemi gafara, ya ɗauki alkawarin ba zai zama mataimakin masu laifi ba. Da ya isa Madyana, da wannan hannun ya shayar da dabbobin wasu mata biyu da makiyaya suka bari a baya. Da ɗayarsu ta nemi mahaifinta ya ɗauke shi aiki, siffa biyu ta haɗa masa, ƙarfi da amana. Ke nan sayar da ƙarfi halal ne, kamar yadda 'yan dako suka ci abinci da shi a hanyar goro ta Salaga; laifin yana ga wanda aka sayar wa da aikin da ya saka.

Saboda haka limaman zango su daina yi wa masu ɗaga ƙarfe kallon 'yan daba tun ba su yi komai ba. Su je inda suke atisaye, su zauna da su, su karanta musu wannan sura kafin mai kuɗin zaɓe ya riga su zuwa.