Dokar da Direba Bai Ji Ba

Aikina kula da na'urorin bin sawu ne a wani kamfanin sufuri a Kano, mai tireloli da ke dakon riɗi da zoɓo da citta daga Dawanau zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa. Direbobi tiraka suke ce wa na'urar, ni kuma mai tiraka, wani lokaci cikin raha, wani lokaci da haushi. Yawancinsu sun ɗauka kallo kawai nake yi. Ba su san ina zaune a ofis nake sauya wa na'urar hali ba, mota tana Mokwa ko Jebba, ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba.

'Yar akwati ce da ba ta kai tafin hannu ba, ana ɓoye ta a kan mota. Tana sauraron taurarin GPS na Amurka da ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,200, in ta jiyo aƙalla huɗu sai ta san inda take. Ba ta aika wa tauraro komai. Layin waya ne a cikinta irin na kowa, ta nan take turo labari, ta nan nake mayar mata da umarni. Masu arha, saƙon tes guda ya ishe su. Na kamfanin Teltonika na ƙasar Lituweniya kuwa suna da shafi mai suna FOTA Web, inda mutum zai zaɓi motoci hamsin ya ɗora musu sabon saiti a zama ɗaya, kowace ta karɓi nata in ta leƙo. Ina iya sa ta yi rahoto duk daƙiƙa 10 ko duk minti 5. Ina iya yanke gudun da za a rubuta a matsayin laifi, in zana shinge a taswira wanda in mota ta tsallake waya ta yi ƙara. A wasu akwai makirfo, akwai kuma makunnin da ke yanke wa inji mai.

Sa na'urar kanta ba ta taɓa hana ni barci ba. Mota dukiyar Alhaji mai kamfanin ce, kayan ciki na wasu ne, mutum kuwa yana da haƙƙin sanin inda dukiyarsa ta kwana. Malaman Malikiyya ma ba su yi kamar ba su san halin ɗan'adam in ya yi nisa da ido ba. A wurinsu ɗan ƙwadago amintacce ne, ba ya ramuwa sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci, amma suka ware masu sana'a irin tela da masaƙi, suka ɗora musu lamunin kayan da suka tafi da su. Wannan yana cikin Risalar Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a Ƙairawan a 996, littafin da har yau ake karantawa a zaurukanmu. Haka suka yi da mai dakon abinci, don hannu yana saurin kai wa abinci. Dalilinsu maslaha ce: mai kaya ba ya gani, in ba a yi haka ba dukiyar mutane za ta salwanta. Tiraka ma takan wanke mai gaskiya. Na ga direban da aka zarga da sayar da dizal, rahoto ya nuna injinsa ya kwana yana ci a cunkoson Apapa, aka ba shi haƙuri.

Inda zuciyata take tsayawa daban ne. Wata rana wani babba a ofis ya leƙo ya ce, "Malam, sauke mini gudun nan zuwa sittin a duk motocin, wanda ya wuce a cire masa daga alawus." Na ce, "Ranka ya daɗe, an faɗa wa direbobi?" Ya ce, "In an faɗa musu ai kiyayewa za su yi. Ni halinsu nake son gani." Ba mugun mutum ba ne, gudu kuwa yana kisa, ban musa ba. Sai dai abin da ya nema tarko ne. Mutumin da ya bar Kano jiya a kan wata doka, yau zai wayi gari a Tegina yana saɓa wata wadda babu wanda ya karanta masa.

A nan addini bai bar mu cikin duhu ba. Aya ta 15 a Suratul Isra'i ta tabbatar da cewa Allah ba ya azabtar da mutane sai ya aiko musu da manzo. Wanda ya halicci bawa, yake ganin abin da ke ƙirjinsa, bai kama shi da dokar da ba ta iso masa ba. Kuma akwai abin da ya faru da mutanen Ƙuba, wanda na fi yawan tunawa in na buɗe shafin saiti. Wata goma sha shida ko sha bakwai bayan Hijira aka juya alƙibla daga Baitul Muƙaddas zuwa Ka'aba. Hukunci ya riga ya sauka a Madina, su kuwa ba su ji ba, suna cikin sallar Asuba suna fuskantar Sham mai labari ya iso, suka juya a cikin sallar. Buhari ya kawo wannan daga Ibn Umar. Ba a ce su sake abin da suka sallata tsakanin saukar hukunci da isowar labari ba, daga nan ne malaman usulu da yawa suka fahimci cewa sabon hukunci ba ya hawa kan mutum sai ya same shi. Ko hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, da za ta tilasta wa motocin haya na'urar taƙaita gudu, sai da ta daɗe tana shela tana ɗage rana kafin ta fara kame a Fabrairun 2017. To, ni wane ne da zan sauya doka da ƙarfe biyu na dare, in hukunta mutum da ita da hantsi?

Za a ce ai mai mota ya ɗauke shi aiki, yana iya gindaya sharaɗin da ya ga dama. Yana iya, in an faɗa. Ijara yarjejeniya ce ta mutum biyu, sharaɗin da ɗaya ya ƙara a bayan idon ɗan'uwansa ba ya cikinta, kuɗin da aka cire a kansa kuma ban ga sunan da zan ba shi ba in ba cin haƙƙi ba.

Makunnin yanke mai ya fi wannan nauyi. An yi shi don ɓarawo, kuma ya dawo wa mutane da motoci. Amma tirela mai lodi in injinta ya mutu tana gangara, sitiyari ya yi tauri, iskar birki ta daina taruwa. Shi ya sa masu haɗawa na kirki suke sa kada umarnin ya yi aiki sai gudu ya sauka ƙasa sosai, kamar kilomita 20 a awa. Wannan kariyar ma saiti ce, ana cire ta daga nesa kamar sauran. A 2010 a garin Austin na Amurka, wani da aka sallama daga wurin dillalin motoci ya shiga tsarin ta intanet ya hana motoci sama da 100 tashi, wasu ya sa su busa ham ba tsayawa. A Yulin 2022 kamfanin BitSight ya fallasa cewa na'urar MiCODUS MV720 tana fitowa da lambar sirri 123456, kuma baƙo daga waje yana iya aika mata umarnin yanke mai. A nan gida sau da yawa lambar sirri ɗaya ce a hannun mutum biyar. Fiƙihu ya bambanta wanda ya yi ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadi, amma bai saki na biyun ba in ya yi ta'adi. Wanda ya kashe mota tsakanin Birnin Gwari da Tegina da magariba don direba bai ɗaga waya ba, yatsansa ne ya tsayar da mutum a dajin da kowa ya san abin da ke cikinsa. Nisa ne yake sa abin ya yi sauƙi a zuciya, domin a allo ɗigo ne ya tsaya, ba a ganin fuskar yaron mota.

Makirfo kuwa ba na kunnawa, ko wa ya ce. Kan mota ɗakin kwanan direba ne, a nan yake kiran matarsa, a nan yake kukan bashi. Ƙarfen na Alhaji ne, maganar ba tasa ba ce, aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 kuma ba ta yarda a tara bayanan mutum a ɓoye ba tare da hujja ba.

Abin da na lura da shi a wannan aiki, allo yana sa wa mai kallonsa girman kai. Ɗigo ya tsaya minti arba'in a Tafa, sai ka ji a ranka ka san komai, alhali ba ka san ko salla ce, ko ciwon ciki, ko shingen jami'ai, ko kuwa jarka ce ake cikawa ba. A Satumban 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara, motocinmu masu bin Gusau suka ɓace daga allo, babu mai ganinsu, babu mai aika musu umarni, kaya kuwa suka isa hannun masu su.

Ga roƙona ga masu motoci da 'yan'uwana masu wannan aiki. A rubuta saitin kowace mota a takarda, a karanta wa direba da Hausa kafin ya tashi. In za a sauya, a kira shi, kuma kada a cire masa ko sisi a kan abin da ya faru kafin kiran. Kowane ma'aikacin ofis a ba shi lambar sirri tasa shi kaɗai, tsarin ya riƙa ajiye sunan wanda ya taɓa saiti da lokacin da ya taɓa, kamar yadda yake ajiye gudun direba. Umarnin yanke mai kuwa kada ya fita sai mutum biyu sun amince.