Hoton Wani, Makin Wani: Tambayar da Kara-Kara Ke Yi wa Ɗalibai

A makarantun sakandare na Zinder, daga kolej har lise, malamai sukan raba ɗalibai rukuni-rukuni, a ba kowane rukuni batu ya je ya binciko, ya dawo ya gabatar a gaban aji. A da, biro da kaye ne kayan aikin. Yau salula ce. Yara huɗu ko biyar su haɗa kai, ɗaya ya ari wayar yayansa mai kyamara mai kyau, su fita neman abin da zai sa malam ya rubuta musu 16 bisa 20. Idan batun ya taɓa talauci, ko bara, ko zaman kashe wando na matasa, ba wuya sunan unguwa ɗaya ya riga kowane zuwa bakinsu: Kara-Kara.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Damagaram da ake karantawa a darasin tarihi ita ce ta Birni da fadar Sarki, ta ganuwar da Sarki Tanimu ya gina a ƙarni na 19, ta Zango da fataken Sahara, ta Ahmadu Kuran Daga da shigowar Faransawa a 1899, garin da ya riƙe matsayin babban birnin Nijar har 1926 da aka mayar da shi Yamai. Kara-Kara ba ta cikin wannan labari. A gefen gari aka ware ta domin kutare da makafi da sauran waɗanda jama'a ba ta son haɗa inuwa da su. Nan suka yi aure, suka haihu, ƴaƴa suka girma da yawansu ba takardar haihuwa, wanda kuwa ba shi da ita ƙofar jarrabawa a rufe take gare shi. Daga cikin jikokin nan ne wasu suka kafa ƙungiyoyin da ake kira pale, waɗanda sunansu kawai ya isa ya sa mutumin Birni ya sake hanya da dare.

To ga ɗalibi riƙe da waya a bakin unguwar. A gabansa ga wani dattijo zaune jikin katanga, ya tokare ƙoƙo da hannun da babu yatsu. Hoton zai yi kyau, ajin zai yi tsit in an nuna shi, malam zai ce aiki ya yi. Tambayar ita ce: ya halatta mutum ya ɗauki wahalar wani ya mai da ita maki?

Wannan tambaya ta girmi kyamara. Suratul Hujurat, wadda yaro ɗan Damagaram yakan haddace tun yana makarantar allo, ta tara hukunce-hukunce uku da suka faɗa daidai kan aikin ɗan jarida. A aya ta 6 akwai umarnin tantance labari kafin a yi aiki da shi. A ta 11 an hana izgili da jifa da munanan laƙabi. A ta 12 an hana mummunan zato, da bin diddigin asirin mutane, da giba. Malaman tafsiri da yawa sun danganta saukar aya ta 6 da wani ɗan aike da aka tura karɓo zakka wurin Banu Musɗaliƙ. Ya hango mutane sun fito, tsoro ya kama shi, ya juya tun bai shiga ba, ya kai rahoton cewa sun hana zakka. Saura kaɗan a ɗaura musu yaƙi, alhali tarbarsa suka fito yi. Duk wanda ya san yadda ake ba da labarin Kara-Kara a cikin gari zai gane wannan ɗan aike: yawancin masu ba da labarin daga nesa suka hango, suka juya.

Sai dai malamai ba su ce a rufe baki gaba ɗaya ba. Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya lissafa a Riyadus Salihin wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba: kai kukan zalunci ga mai ikon share hawaye, neman taimako don kawar da ɓarna, neman fatawa, gargaɗin jama'a kan wata cuta, ambaton abin da mai shi da kansa yake yi a bainar jama'a, da kuma bayyana mutum da siffar da aka san shi da ita idan ba wata hanyar gane shi kuma ba da nufin ƙasƙanci ba. Kafin shi Imam Gazali ya kawo irin wannan jeri a Ihya. A kan wannan tushe ne malaman hadisi suka kafa ilimin tantance maruwaita, suka rubuta ƙarara cewa wane mai mantuwa ne, wane maƙaryaci ne, ba su ɗauki hakan cin naman kowa ba, domin amfanin da ke ciki ya fi ƙarfin kunyar mutum ɗaya.

Abin lura a jerin shi ne, kowane ɗaya daga cikin shidan yana da wanda zai amfana: wanda aka zalunta, ko jama'ar da za a tsare daga cuta. Neman maki ba ya ciki. Neman a yaba wa mutum a Facebook ma ba ya ciki. Idan ɗalibi ya ɗauki hoton dattijon nan, ya nuna wa aji, aka tafa, aka tashi, dattijon yana nan jikin katangarsa bai san an yi ba, to babu inda aikin ya shiga cikin uzurorin da malamai suka bayar.

Akwai masu tsayawa a nan su ce: ai shi ke nan, a bar Kara-Kara da asirinta, rufin asiri ibada ne. Gaskiya ne Musulunci ya girmama suturta aibin mutum. Amma talauci ba aibi ba ne, kuturta ba zunubi ba ce, rashin takardar haihuwa kuwa ba laifin jariri ba ne. Shirun da aka daɗe ana yi a kan unguwar bai suturta mutanenta ba. Waɗanda ya suturta su ne masu alhakin kai makaranta da ruwa da rajistar haihuwa. Uzuri na farko a jerin Nawawi, kai kukan zalunci, nan ne wurinsa. Wanda ba shi da hanyar zuwa ofishin magajin gari yana da haƙƙin wani ya kai masa kukansa, kuma ba abin da ya hana wannan wanin ya kasance ɗan lise mai shekara goma sha bakwai.

Ke nan ba a ɗauka ko kar a ɗauka ne batun ba. Yadda aka ɗauka ne, da wanda aka ɗauka dominsa.

Zinder tana da misali na gida. Aisha Macky, haifaffiyar garin a 1982, ta karanta ilimin zamantakewa a Jami'ar Abdu Mumuni, ta koyi aikin fim a makarantar IFTIC ta Yamai, ta ƙara karatu a Saint-Louis ta Senegal. A fim ɗinta na 2016 kan matan da ba su samu haihuwa ba, da kanta ta fara: ta sa nata ciwon a gaban kyamara kafin ta nemi na wasu. A 2021 ta fitar da fim mai suna Zinder, wanda ta ɗauka a Kara-Kara, aka nuna shi a bikin Visions du Réel na Suwizalan da kuma FESPACO na Wagadugu. Fim ɗin bai ɓoye komai ba. Ana ganin samari suna ɗaga ƙarfen da suka haɗa da tarkacen mota, ana ganin tabon wuƙa a jikin mutane, ana bin masu shigo da man ruwa-ruwa daga iyakar Najeriya cikin dare, ana jin tsohon shugaban pale da ya koma kabu-kabu yana faɗin abin da ya aikata a baya. Har da ƙungiyar da ta sa wa kanta sunan Hitler, tana yawo da tutarsa, ba tare da sanin ainihin ko wane ne shi ko abin da ya yi ba.

Wannan wurin na Hitler shi ne gwaji mafi tsanani. Baƙon da ya zo na yini ɗaya zai ɗauki tutar, ya aika duniya, a ce ga ƴan Nazi a Nijar, kuma kowane hoto nasa gaskiya ne, labarin ne ƙarya. Ita kuwa Aisha ta zauna har mai kallo ya fahimci cewa abin da yake gani rashin makaranta ne, samarin da ba wanda ya taɓa koya musu tarihin yaƙin duniya na biyu suka tsinci suna mai ban tsoro suka yafa. Mutanen fim ɗin suna magana da bakinsu, sun san ana ɗauka, sun yarda. Irin wannan yarda ba a samunta da yammaci ɗaya.

Ɗaliban ajin ƙarshe na lise, masu shirin rubuta falsafa a jarrabawar BAC, sun haɗu da wannan batu ta wata ƙofa. Kant, masanin Jamus da ya rasu a 1804, ya kafa hujja cewa ba ya halatta a mai da ɗan Adam kayan aiki kawai don cimma wata buƙata. Ɗalibi na iya cika shafi huɗu da wannan a ɗakin jarrabawa, ya fito ya saɓa masa da wayarsa kafin la'asar. Tarihin aikin jarida ma yana da nasa tabon. A 1993 Kevin Carter, mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, ya ɗauki hoton wani yaro da yunwa ta durƙusar a kudancin Sudan, ungulu na tsaye a bayansa. Jaridar New York Times ta buga, hoton ya girgiza duniya, ya ci kyautar Pulitzer a 1994, amma tambayar da mutane suka yi ta jifansa da ita ita ce me ya yi wa yaron. Hoton ya jawo hankali ga yunwar, wannan ba a musu. Duk da haka tambayar ba ta mutu ba har yau.

Ga ɗalibi, abin ya sauko ƙasa-ƙasa. Ya fara da sallama, waya tana aljihu. Ya je wurin mai unguwa ko wani dattijo ya gabatar da kansa. In ya zo gaban wanda yake son magana da shi, ya durƙusa ya ce: “Baba, mu ƴan lakwal ne, malaminmu ya ba mu aiki kan zaman unguwar nan. In kun yarda za mu ɗauki maganarku, ƴan ajinmu ne za su ji. In ba ku so fuskarku ta fito, murya kawai za mu ɗauka.” In Baba ya ce a'a, magana ta ƙare. In ya ce to, alkawarin ya zama amana: abin da aka ce na aji ne ba ya hawa WhatsApp. Kuma a kula da wata dabara da ke kama da kirki, wato a miƙa wa mabuƙaci dala ashirin sannan a ɗaga waya. Mai jin yunwa ba ya iya cewa a'a, don haka “to” ɗinsa ba izini ba ne. Yara ƙanana kuwa ba su da izinin bayarwa sai ta bakin iyayensu.

Sai tantancewa, wadda ta fi ɗaukar hoto wahala kuma ba ta da armashi. Wanda zai yi magana kan kuturta ya je asibiti ya tambaya. Zai ji cewa ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda likita Hansen ɗan Norway ya gano a 1873, ba gado ba ce kuma ba tsinuwa ba. Cewa tana warkewa da magani na wata shida zuwa goma sha biyu. Cewa tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayar da maganin kyauta. Cewa wanda ya fara shan magani ya daina yaɗa ta. Dattijon da ya rasa yatsu mai yiwuwa ya warke tun kafin a haifi ɗalibin. Rahoton da ya faɗi wannan ya yi wa unguwar aikin da hoto ɗari ba su yi ba. Haka wanda zai taɓo tarzomar 16 ga Janairun 2015, ranar da aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa a Zinder bayan zanen jaridar Charlie Hebdo, kada ya ɗora wa unguwa guda laifin don kawai haka ake faɗa a fada wurin shan shayi. Ya tambayi wanda ya gaya masa: kai ka gani, ko ji ka yi?

Doka ma ba ta yi barci ba. Nijar ta kafa dokar laifukan intanet a 2019, kuma a 2024 an dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna ta wannan hanya, wanda aka taɓa cirewa. Amma wanda tsoron kaso kaɗai ke hana shi, zai yi abin da ya ga dama da mutumin da ya san ba shi da halin kai ƙara, mutanen Kara-Kara kuwa irinsu ne.

Nauyi mafi girma yana wuyan masu ba da maki. A Ingila, inda nazarin kafofin watsa labarai darasi ne mai zaman kansa a sakandare, aikin da ɗalibi ya shirya da hannunsa yana ɗaukar kashi 30 cikin ɗari na sakamako, kuma ana koyar da yadda kafofi ke siffanta rukunin mutane a matsayin babi na musamman. A Zinder babu darasi mai wannan suna, amma aikin ana yin sa, a darasin Faransanci, a na tarihi da labarin ƙasa, a ƙungiyoyin ƴan jarida na makaranta. Yaro yana bin inda maki yake. In malam ya fi yaba hoton da ya fi tayar da hankali, irinsa za a riƙa kawo masa kowace shekara.

Don haka kira ga malamai: kafin a kunna bidiyon a aji, a tambayi rukunin wa ya ba su izini, me suka gaya masa, wurin mutum nawa suka tabbatar da maganar, kuma sun koma sun nuna masa abin da suka haɗa ko ba su koma ba. A ware wa amsoshin nan rabonsu a cikin maki ashirin ɗin, a kuma sanar da ɗalibai haka tun ranar da aka ba su aikin.