Layi ɗaya

A kemis-kemis na Jimeta da ɗakunan shan magani na Yola akwai wani ɗan farin abu na roba, tsawonsa kamar ɗan yatsa, mai ƙananan ramuka da 'yar taga a tsakiya. Ana goge yatsan mutum da auduga, a soke shi, a ɗebi ɗigon jini a sa a rami, a bi shi da ruwan gwaji. Jinin sai ya riƙa bin takardar da ke ciki sannu a hankali, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Bayan minti 15 zuwa 20 amsa ta fito. Layi biyu, akwai zazzaɓin cizon sauro. Layi ɗaya, babu.

Abin kallo shi ne fuskokin masu jira. Wanda ya ga layi biyu yakan karɓi magani ya tafi da natsuwa, yana jin kuɗinsa sun yi aiki. Wanda ya ga layi ɗaya kuwa sai ya ɓata rai. "To, Malam, me ke damuna ke nan? Ka dai ba ni maganin." A ganinsa ya biya kuɗi an sallame shi hannu wofi.

Akwai masanan da sana'arsu ke nan, auna abin da ciwo ke ci daga guminmu. Tun 1972 wani masanin tattalin arziki a Amurka, Michael Grossman, ya kwatanta lafiya da jari: kowa da abin da aka haife shi da shi, yana raguwa da shekaru, ana kuma iya ƙara masa. Amma faɗa daban, aunawa daban. Masana uku, Andrew Dillon da Jed Friedman da Pieter Serneels, sun je wata babbar gonar rake a Najeriya don su auna. Duk wanda ya san gonakin raken Numan ya san nauyin wannan aiki: adda, rana, ganye mai yanka fata, lada kuma gwargwadon abin da hannunka ya sare. Ba a ɓoye rauni a irin wannan wuri, domin kullum ana ƙirga abin da kowa ya yi.

Suka kasa ma'aikatan rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, kowa za a gwada jininsa a ba shi magani in yana da cutar, sai dai wasu a fara da su, wasu daga baya. Da haka ake kwatanta wanda aka riga aka gwada da wanda ba a kai gare shi ba tukuna. A makonnin da suka biyo baya, abin da ma'aikatan da aka kai wa gwajin ke samu ya ƙaru da kimanin kashi 10 cikin 100. An buga sakamakon a 2021. A wani bincike mai alaƙa da shi, wanda Farfesa Oladele Akogun na Jami'ar Modibbo Adama ya sa hannu a ciki, har 'yar na'ura aka ɗaura wa ma'aikata tana ƙirga motsin jikinsu.

Cewa wanda aka yi wa magani ya ƙara zuwa aiki ba abin mamaki ba ne. Mamakin yana wajen waɗanda aka ce musu lafiyarsu lau. Ba su haɗiyi ƙwaya ko ɗaya ba, amma su ma aikinsu ya ƙaru. Ashe da can suna tattalin ƙarfinsu ne, suna zaton ciwon na kwance a jiki yana jiran su gaji. Kasala kaɗan, ɗan ciwon kai da asuba, sai mutum ya ce zazzaɓin ne, ya rage hannu ko ya nemi aiki mai sauƙi mai ƙaramin lada. Da aka cire musu zaton, ƙarfin da Allah Ya riga Ya ajiye a damatsansu ya fito.

Haka zato yake a sauran lamura. Ɗalibar da wani malami ya taɓa ce mata ba ta da kan lissafi takan yi shekaru tana kewaye shi, ba ta sake gwadawa ba. 'Yan'uwa biyu kan daina gaisawa sosai, kowanne yana jin ɗayan na riƙe da shi a zuci, alhali da ɗaya ya daure ya tambaya da ya tarar babu komai. Tambayar tana da ɗan zafi, kamar sukar yatsa, shi ya sa ake gudunta. Mutum ya gwammace ya yi ta jinyar ciwon da ba shi da shi, yana biya da kwanakinsa, kuma ba mai rubuta masa wannan asara a takarda.

Wani abu kuma game da ɗan robar nan: layin da ke fitowa kusa da harafin C shaida ce cewa gwajin kansa ya yi aiki. In bai fito ba, amsar ba ta karɓuwa, sai a sake da sabo. In ya fito shi kaɗai amma zazzaɓin bai sauka ba, kada a zauna a gida, a wuce asibiti a nemi dalilinsa.