Kafin Alƙalami da Sanin Gaibu

Sana'ata kawo motoci ce daga bakin teku, kuma a Dogon Dutsi an san lokacin da kowa ke son tasa ta iso: gab da Babbar Sallah, ko bayan kaka, idan kuɗin wake da gero sun shiga aljihu. Sai dai a daidai lokacin ne manyan motoci ke ƙaranci, don masu raguna sun kwashe su zuwa Yamai. Shi ya sa nake ce wa mai saye ya kama wuri tun da saura wata uku. Sallar kanta ba ta tsaya wuri guda ba, kowace shekara tana matsowa da kamar kwana 11, yanzu har ta iso bakin damina.

Wani dattijo daga wajen Tibiri ya ce mini: "Ɗana, kai ka ga watan gobe ne, da za ka biya kuɗin ɗaukar motar da ba ta ma hau jirgin ruwa ba?" Na ce: "Baba, Annabi Yusufa ma tanadin shekara bakwai ya yi wa Masar." Suratul Kahfi ba ta hana shirin gobe ba, ta dai ce a jingina shi ga yardar Allah. Wannan ɓangaren bai taɓa hana ni barci ba.

Abin da ke damuna kafin alƙalami ne. Har zuwa Yulin 2023 hanyarmu ɗaya ce: Kwatano, Malanbil, a haye gada zuwa Gaya, sai Doso, sai gida. Aka yi juyin mulki, aka rufe gadar. Kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso da rakiyar soja. Wanda ya ba mai babbar mota kuɗi tun da wuri, shin ya yi asara ke nan? A Muwaɗɗa, Imamu Malik ya hana cinikin da mai kaya zai riƙe kafin alƙalami in an fasa, har a haya. Imamu Ahmad ya halatta, kuma majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta bi bayansa a zamanta na Burunai a 1993. Mu a Arewa Malikawa ne a masallaci, amma a tasha kowane direba Hambali ne, ko bai taɓa jin sunan ba.

Ni ina bayan Malik, ko da yake na san uzurin direba: ya sallami wasu saboda kai, watakila har ya sha mai. To, ya cire abin da ya kashe a gaban shaidu biyu, ya mayar da saura. Yanzu ba na miƙa ko jika ɗaya sai an rubuta haka a takarda, tare da ranar lodi da abin da za a yi idan iyaka ta rufe. Wasu direbobin na ƙi, su ce ina yi musu mugun baki.